Shari'ar Christa Ackroyd da dokar IR35: ma'aikaciya wajen haraji, 'yar kwangila wajen haƙƙi

Kusan shekara 12, daga 2001 zuwa farkon 2013, mutanen Yorkshire da ke arewacin Ingila sun saba da fuska ɗaya idan ƙarfe shida da rabi na yamma ta yi. Christa Ackroyd ce, zaune a ɗakin labarai na BBC a birnin Leeds, abokin aikinta Harry Gration a gefenta, tana gabatar da shirin labaran yankin mai suna Look North. Da za a tare wani mai kallo a hanya a tambaye shi inda matar nan take aiki, ba zai tsaya tunani ba zai ce BBC. A takarda kuwa ba haka abin yake ba. BBC ba ta ɗauke ta aiki ba. Kwangila ta ƙulla da wani ƙaramin kamfani mai suna Christa Ackroyd Media Ltd, kamfanin da ba shi da wata haja sai ita kanta. BBC ta biya kamfani, kamfani ya biya ta.

A watan Fabrairun 2018 kotun haraji ta matakin farko ta yanke cewa wannan tsari bai hana ta zama ma'aikaciya ba a idon dokar haraji. Hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, tana bin kamfaninta fam 419,151 na shekarun haraji 2006/07 zuwa 2012/13. Ita ce shari'a ta farko da aka yanke a jerin ƙararrakin da suka shafi masu gabatar da shirye-shiryen BBC, kuma har yau duk mai son fahimtar dokar da ake kira IR35, wadda ke sa mai aiki ta hannun kamfaninsa ya biya haraji kamar ma'aikaci idan aikinsa na ma'aikaci ne, sai ya bi ta kanta.

Na karanta lamarin da tambaya ɗaya a raina: idan hukuncin daidai ne, me ya sa yake ci wa mutum rai haka?

Kuɗin da ke tsakanin albashi da rabon riba

Sai an fara gane abin da ake riba da shi idan aka sa kamfani a tsakani. A Birtaniya, albashin ma'aikaci ba ya isowa hannunsa sai an zare harajin kuɗin shiga da kuɗin inshorar ƙasa. Mai ɗaukar aiki shi ma yana da nasa kason inshorar da yake biya daga aljihunsa a kan kowane ma'aikaci: kashi 12.8 cikin ɗari har zuwa 2011, daga nan 13.8, daga Afrilun 2025 kuma 15. Ga hutun shekara da albashi, ga kuɗin jinya, ga hutun haihuwa, ga fansho, ga kuɗin sallama idan an rage ma'aikata.

Da zarar an ce ba mutum aka ɗauka ba, kamfani aka ba kwangila, duk waɗannan sun sauka daga wuyan mai ba da aiki. Shi ma mai kamfanin yana samun nasa sauƙin. Zai yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi, kamfani ya biya harajin kamfanoni, wanda a shekarun da ake magana yake tsakanin kashi 19 da 21 ga ƙananan kamfanoni, sauran ya ɗauka a matsayin rabon riba, wanda ba a biya masa kuɗin inshorar ƙasa. Kowa ya samu, baitulmali ya rasa.

A ƙarshen shekarun 1990 abin ya zama ruwan dare, musamman tsakanin masana kwamfuta da injiniyoyi. Mutum zai ajiye aiki ranar Juma'a, Litinin ya dawo teburinsa na da, a ƙarƙashin shugabansa na da, amma yanzu sunansa ɗan kwangila. Gordon Brown, ministan kuɗi na lokacin, ya sanar da matakin toshe wannan ƙofa a kasafin watan Maris na 1999. Sanarwa ta 35 ce da hukumar haraji ta wancan zamani, Inland Revenue, ta fitar ga manema labarai, shi ne sunan IR35 ya bi dokar. Ta fara aiki a Afrilun 2000. 'Yan kwangila sun kafa ƙungiya, sun kai gwamnati kotu, sun sha kaye a 2001.

Dabarar dokar ba ta da wuyar faɗa. A ɗauka babu kamfanin nan a tsakani. A ƙaddara cewa mutumin da mai ba shi aiki sun ƙulla yarjejeniya kai tsaye, bisa sharuɗɗan da suke aiki da su a zahiri. Wannan yarjejeniya da aka ƙaddara, ta ma'aikaci ce ko ta mai zaman kansa? Idan ta ma'aikaci ce, kuɗin da ya shigo kamfani za a lissafa shi tamkar albashi, a cire kashi 5 cikin ɗari na ɗawainiyar kamfani, a biya cikakken haraji da inshora a kan sauran.

Inda ƙaya take shi ne wanda aka ɗora wa alhakin amsa tambayar. Daga 2000 har zuwa 2017, kamfanin ɗan kwangila ne zai tantance kansa, kuma idan ya yi kuskure shi zai biya, har da kason inshorar da mai ba da aiki ya kamata ya biya tun farko. Babbar ma'aikatar da ta tsara kwangilar, ta kuma ci ribarta, ba ta da ko sisin kwabo a wuyanta.

Yadda ta shiga ciki

Kafin 2001 Ackroyd tana gidan talabijin na Yorkshire Television, tana gabatar da shirin Calendar, wanda a lokacin ya fi Look North masu kallo. BBC ce ta neme ta don ta farfaɗo da nata shirin, kuma ta yi hakan. Kwangilar farko ta shekara 5 ce. A 2006 aka sa hannu a ta biyu, ta shekara 7, wadda ta fara daga Janairun 2007. Ita ce kwangilar da kotu ta feɗe.

Abin da ke cikinta ya isa a tsaya a duba. BBC tana da haƙƙin kiranta aiki har kwana 225 a shekara, kuma ita ce ta farko a kan lokacinta. Ana biyan kuɗin shekara sama da fam 160,000, kashi-kashi duk wata, ko an yi amfani da kwanakin duka ko ba a yi ba. Akwai tukuicin fam 7,500 idan masu kallon shirin suka zarce na abokin gasa a cikin wata shida, da fam 3,000 na sutura a shekara. Kamfaninta ba shi da ikon turo wata a madadinta. Ba za ta yi wa wata kafar watsa labarai aiki ba sai da izinin BBC. Kusan duk kuɗin da ke shiga kamfanin daga BBC yake fitowa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba ta da kuɗin hutu, ba ta da kuɗin jinya, ba ta cikin tsarin fanshon BBC. Ba ta da shugaban da take ƙarƙashinsa kai tsaye kamar sauran ma'aikata, ba a yi mata auna ƙwazo na shekara-shekara.

HMRC ta buɗe bincike a kan kamfanin. A farkon 2013 aka daina ganinta a allo, a tsakiyar shekarar BBC ta kawo ƙarshen kwangilar tun wa'adinta bai cika ba. Da a ce ma'aikaciya ce a takarda, akwai matakan da sai an bi kafin a raba ta da aikinta. A matsayin 'yar kwangila, wasiƙa ta wadatar.

A gaban kotu

Dokokin Birtaniya ba su da ma'anar "ma'aikaci" guda ɗaya da aka rubuta don haraji. Alƙalai suna komawa ne ga wata shari'a ta 1968 a kan direban motar kwaɓa kankare na kamfanin Ready Mixed Concrete, inda mai shari'a MacKenna ya shimfiɗa ma'auni uku. Na farko, mutum ya yarda zai yi aikin da kansa a biya shi. Na biyu, mai biyan yana da isasshen iko a kan aikin har a kira shi ubangida. Na uku, sauran sharuɗɗan ba su saɓa wa zaman ma'aikaci da mai gida ba.

Bahaushe ya san wannan bambanci ba tare da lauya ba. Idan ka ba magini kwangilar katanga, kun yi ciniki a kan katanga ne. Ya zo da kayan aikinsa, ya turo yaronsa ranar da ba ya nan, ya gama da wuri ya ci riba, ya ɓata aiki ya rushe ya sake da kuɗinsa, gobe yana gidan wani. Yaron shago kuwa lokacinsa ka saya. Yau ka ce ya tsaya kanta, gobe ka aike shi kasuwa, kuma ba zai turo ƙaninsa ya ce ya zauna masa ba tare da saninka ba. Rigimar IR35 duka a kan mutanen da suke tsakanin waɗannan biyun ne.

Ma'auni na farko bai ba da wahala ba a lamarin Ackroyd: ita za ta yi aikin da kanta, BBC kuma dole ta biya duk wata. A kan iko aka fafata.

Hujjarta mai ƙarfi ce, kuma ni ban ga ƙarya a cikinta ba. Ta ce an kawo ta ne don ta canja shirin, ba don a koya mata aiki ba. Ita ke nemo labarai, ita ke gyara rubutun da za ta karanta ya dace da bakinta, ita ke yanke yadda za ta yi hira. Shiri ne kai tsaye. Da zarar fitila ta kunnu, babu wanda zai iya riƙe mata harshe. Wane ubangida ne wannan da ba ya iya gaya wa baransa abin da zai faɗa?

Kotu ta yarda da yawancin wannan bayani, amma ta ce ba nan tambayar take ba. Likitan tiyata ma babu mai riƙe masa hannu a ɗakin fiɗa, kuma hakan bai hana shi zama ma'aikacin asibiti ba. Abin dubawa shi ne wa yake da haƙƙin yanke magana ta ƙarshe, ko da bai taɓa amfani da shi ba. BBC na iya umartar Ackroyd ta gabatar da wannan shiri ko wancan, ta je ta ɗauko wannan rahoto, ta halarci wancan taro. Idan ra'ayinta ya saɓa da na edita, na edita ne zai tsaya. Ƙa'idojin aikin jarida na BBC sun hau kanta, domin babu yadda za a yi gidan ya bar mai gabatar da labaransa ta yi abin da ta ga dama a kan allo. Da aka haɗa wannan da tsawon kwangilar, shekara 7 cur, da kwana 225, da dogaron da ta yi kacokan da gida ɗaya, kotu ta ce wannan ba mai sana'ar kanta ba ce da ke yawo da hajarta. Aiki ne tsayayye da ya yi kama da na cikakken lokaci.

Rashin hutu da jinya da fansho bai cece ta ba. Dalilin kotu shi ne, an tsara kwangilar ne tun asali a kan cewa ita ba ma'aikaciya ba ce, don haka rashin waɗannan abubuwa ba ya tabbatar da komai.

Akwai wani sashe na hukuncin da ya kamata a riƙe. Kotun ta faɗa a fili cewa ba ta zargin Ackroyd da laifin komai. Ackroyd ta nemi shawarar akanta, wato masanin lissafin kuɗi, kuma BBC ce ta ƙarfafa mata gwiwar bin wannan hanya ta kamfani. Wato kotu ta gano wanda ya nuna hanyar, amma doka ba ta ba ta ikon aika masa takardar biya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kamfanin Ackroyd ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun haraji a kan batun iko kaɗai. A Oktoban 2019 aka kori ƙarar.

Masu irin aikinta, hukunci daban

Da a ce duk mai gabatar da shiri haka ya ƙare, da sai a ce aƙalla doka a bayyane take. Ba haka aka yi ba.

Wata 13 bayan hukuncin Ackroyd, a Maris na 2019, Lorraine Kelly ta gidan talabijin na ITV ta yi nasara a kan HMRC a rigimar kusan fam miliyan 1.2. Kotu ta ga cewa ita ke juya shirinta, tana da wasu harkoki da dama, kuma abin da ITV ke saya shi ne sunanta da salonta. A Satumbar wannan shekara masu karanta labaran BBC uku, Joanna Gosling da David Eades da Tim Willcox, suka sha kaye, duk da kotun ta amince cewa ƙarfin ciniki ba ɗaya ba ne, BBC ce ta tura su ga kafa kamfanonin. Eamonn Holmes na ITV ya faɗi. Gary Lineker, mai gabatar da shirin ƙwallon ƙafa, ya tsira daga neman fam miliyan 4.9 a Maris na 2023, ba don an auna aikinsa an ga ba na ma'aikaci ba ne, sai don ta hanyar haɗin gwiwar kasuwanci ya yi aiki, kuma kotu ta ce shi da kansa ya ƙulla kwangilolin, babu wani na tsakiya da za a cire.

Lamarin Kaye Adams ta rediyon BBC a Scotland ya fi kowanne nuna tsadar wannan ruɗani. Harajin da ake jayayya a kai kusan fam 124,000 ne. Ta ci a matakin farko a 2019, ta ci a mataki na biyu a 2021. Kotun ɗaukaka ƙara a 2022 ta ce an yi kuskure a hanyar auna hujjoji, a koma a sake. Aka sake, ta kuma ci a ƙarshen 2023, sannan HMRC ta haƙura a farkon 2024. Kusan shekara 10 tana fama, kuma kuɗin lauyoyin da ta kashe ya zarce harajin da ake nema. Abin da ya bambanta ta da Ackroyd shi ne tarihin shekaru masu yawa na yi wa gidaje daban-daban aiki, da kaso mai tsoka na kuɗin shigarta da ba daga BBC yake ba.

Ana iya zare zare ɗaya daga waɗannan shari'o'i: wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya na shekaru, yana cikin haɗari, wanda ke da kwastomomi da yawa da gaske, yana da abin kare kansa. Amma manyan alƙalai da kansu sun saɓa wa juna a kan hujjoji iri ɗaya. Ban ga adalcin ɗora wa mutum ɗaya da akantansa nauyin hango abin da kotuna uku suka kasa haɗuwa a kai ba.

A Maris na 2018 wasu masu gabatar da shirye-shirye, cikinsu har da Liz Kershaw da Kirsty Lang da Paul Lewis, sun ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dokoki cewa tilasta wa mutane aka yi su bar albashi su kafa kamfani. Lang ta bayyana yadda ta ci gaba da aiki tana jinyar ciwon daji domin ba ta da hutun rashin lafiya. Daga baya BBC ta nemi afuwa, ta kuma ware har fam miliyan 12 don warware tsofaffin basussukan harajin masu gabatar da shirye-shiryenta.

Nauyi ya koma, giɓi bai rufe ba

A Afrilun 2017 gwamnati ta juya tsarin ga ma'aikatun gwamnati, BBC da hukumar lafiya ta NHS a ciki. Yanzu mai ba da aiki ne zai tantance matsayin ɗan kwangila, kuma wanda ke biyan kamfanin shi zai zare haraji kafin ya biya. An faɗaɗa wannan zuwa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu a Afrilun 2021, bayan annobar korona ta sa an ɗage shi da shekara ɗaya. Ƙananan kamfanoni ba sa ciki, don haka mai yi musu aiki har yanzu tsohuwar doka ce a kansa. A Satumbar 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da soke gyaran, ba a yi wata guda ba magajinsa Jeremy Hunt ya janye sanarwar.

A ganina gyaran ya dace, domin ya mayar da alhaki kan wanda ke rubuta kwangila. Amma da nauyin ya hau kan manyan, sai aka ga ashe su ma ba su iya ba. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya bayyana a 2022 cewa ma'aikatun gwamnati sun biya ko ana bin su fam miliyan 263 saboda kuskuren tantancewa. Ma'aikatar ayyuka da fansho kaɗai an bi ta fam miliyan 87.9. Da yawansu kuwa da manhajar tantancewa ta HMRC ɗin kanta, mai suna CEST, suka yi aiki.

Kamfanoni masu zaman kansu da suka ga haka sai suka zaɓi hanyar da ba za ta ja musu ba. Wasu bankuna suka daina hulɗa da kamfanonin mutum ɗaya baki ɗaya. Wasu suka yi wa kowa kuɗin goro, suka ce duk 'yan kwangilarsu suna cikin dokar. Dubban mutane suka koma ƙarƙashin kamfanonin dillancin albashi, waɗanda ake kira kamfanonin laima, inda ake fitar da kason inshorar mai ɗaukar aiki da ladan dillali daga kuɗin da aka yi ciniki a kai kafin a lissafa albashin mutum. 'Yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya masu aikin cike gurbi a asibitocin Birtaniya, da masu aikin kwamfuta, sun san wannan a aljihunsu. Tallar aiki takan zo da kalma biyu, "cikin IR35" ko "wajen IR35", kuma kuɗin yini ɗaya da aka rubuta a tallar ba daidai yake da abin da zai shiga asusu ba.

Babban giɓin shi ne wanda lamarin Ackroyd ya tona tun farko. A Birtaniya, matsayin mutum wajen haraji daban, matsayinsa wajen haƙƙin ma'aikata daban. Kotun haraji na iya cewa kai ma'aikaci ne, ka biya kamar ma'aikaci, amma wannan hukunci ba ya ba ka kwana ɗaya na hutu, ba ya ba ka kuɗin jinya, ba ya sa a buɗe maka fansho, ba ya kare ka daga sallama ba bisa ƙa'ida ba. Kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya yi wannan ƙorafi a rahotonsa na Afrilun 2020, inda ya nuna cewa tsarin yana haifar da ma'aikatan da ba su da haƙƙi ko ɗaya, ya kuma nemi a sake duba dokar daga tushe. An ɗage fara aikin gyaran ne kawai, ba a haɗe ma'aunan biyu ba.

Ban ce a bar ma'aikacin da ya sa rigar kamfani ya biya ƙasa da abokin aikinsa na tebur ɗaya ba. Mai ɗaukar kyamara a ɗakin Look North ana zare masa haraji duk wata, kuma harajinsa ne ke riƙe asibitin da kowa ke zuwa. Hukuncin da aka yi wa kamfanin Ackroyd ya bi doka, kuma a kan hujjojin da ke gaban kotu da wuya a ce ba ma'aikaciya ba ce. Amma idan ma'aikaciya ce, to ma'aikaciya ce tun Janairun 2007. Shekarun fanshon da ba a tara mata ba suna nan, da hutun da ba a biya ta ba, da kariyar da ba ta samu ba ranar da aka yanke kwangilarta a 2013. Kotu ta lissafa abin da baitulmali ya rasa har zuwa fam ɗaya na ƙarshe, 419,151. Abin da ita ta rasa a waɗannan shekaru, kotun haraji ba ta da hurumin lissafa shi.